Peter Dery: Yaron Ƙasar Nandom Da Ya Yi Kiwon Garken Tamale

Ya ɗan'uwa mai karatu, idan Allah ya kai ka Tamale, ka nemi babbar majami'ar Katolika ta garin. A can aka binne wani dattijo da ya rasu ranar 6 ga Maris, 2008, ranar da Gana ke bikin samun 'yancin kai. Sunansa Peter Poreku Dery.

An haife shi a 1918 a wani ƙauye na ƙasar Nandom, cikin kabilar Dagara, a gidan da ake bin addinin gargajiya. Ya zo duniya bayan rasuwar wansa, sai aka sa masa suna Dery, domin mutanensa sun ɗauka marigayin ne ya komo. Mu Hausawa mun san irin wannan zullumi, mun san yadda uwa ke duban ɗan wabi. Ka duba fa, yaron da ake fargabar ba zai zauna ba, Ubangiji ya ba shi shekara 89.

Masu bishara na Katolika sun sauka Jirapa a 1929. Dery ya ji Maganar, aka yi masa baftisma a jajiberen Kirsimeti na 1932. A 1951 ya zama firist na farko daga cikin Dagara. A 1960 Paparoma Yohanna na 23 da kansa ya keɓe shi a Roma ya zama bishop na Wa.

Abin da ya fara damunsa zai ba ka mamaki. Mutanensa na zuwa sujada, amma da Latin ake yi, ba sa fahimta. Sai ya nemi izini daga Roma, aka shigo da harshen Dagara cikin sujada, tare da kiɗansu na gargajiya. A ganina wannan ma girmama ɗan Adam ne. Wanda ka hana shi yi wa Mahaliccinsa magana da harshen uwarsa, ka mai da shi baƙo a gidan Ubansa.

Ya halarci babban taron bishop-bishop na Vatican na Biyu, daga 1962 zuwa 1965. Taron ya koyar cewa kira zuwa tsarki na kowane mai bi ne, manomi da mai talla da uwar gida, ba na firistoci kaɗai ba. Ya lissafta kisan kai da zubar da ciki da azabtarwa da bautarwa cikin abubuwan da ke wulaƙanta Mahalicci. Ya kuma roƙi Kirista da Musulmi su bar gabar da, su nemi fahimtar juna. Dery bai bar waɗannan a takarda ba. Ya ƙarfafa ƙungiyoyin adashi da ba da rance domin talaka ya tsaya da ƙafarsa, ya kuma ɗauki nauyin karatun yara masu yawa.

A 1974 aka kawo shi Tamale, ya zama babban bishop a 1977. Ka san Tamale garin Musulmi ne, Dagomba da mutanen zango, Kirista 'yan kaɗan ne a cikinsu. Shi kuwa baƙo ne, harshensa dabam. Shekara 20 ya yi yana kiwon ƙaramin garke a tsakiyar maƙwabta masu wani addini.

Ya ajiye aiki a Maris 1994, a daidai lokacin da arewacin Gana ke cin wuta. Gardama a kan cinikin zabuwa a kasuwa ta tono tsohuwar rigimar ƙasa da sarauta tsakanin Konkomba da Nanumba, Dagomba da Gonja. Rayuka fiye da dubu suka salwanta. Ka tambayi kanka, ɗan'uwa, wace ƙaramar gardama ce kake riƙe da ita a zuci yau, ka ƙi zuwa sulhu? Shi dai dattijon bai koma ƙasarsu ba. A Tamale ya zauna har ƙarshen ransa.

A 24 ga Maris, 2006, Paparoma Benedict na 16 ya naɗa shi kadinal. Ƙafafunsa sun riga sun gaza, a keken marasa lafiya aka ɗaga shi aka hau da shi matakala zuwa gaban Paparoma. A 2013 Ikilisiyar Katolika ta buɗe binciken rayuwarsa domin a ga ko za a lissafta shi cikin tsarkaka, tun daga nan ake kiransa Bawan Allah.