Verhulst, Malamin Lissafin Da Ya Gano Iyakar Yawa

Duk wanda ya zauna ajin nazarin halittu ya san zanen nan mai kama da harafin S, inda yawan dabbobi ke hawa da sauri sannan ya lafa. To, mai wannan zanen shi ne Pierre-François Verhulst, ɗan ƙasar Beljiyam, wanda aka haifa a Brussels a 1804. Ya karanta lissafi a jami'ar Ghent, ya samu digirin dakta a 1825. Sa'anmu ne fa a lokacin!

A zamaninsa maganar Malthus ce ke tashe, cewa jama'a za su yi ta ninkuwa har su fi ƙarfin abinci. A 1838 Verhulst ya sa wa ninkuwar linzami da lissafi. Idan baki ya ƙaru, rabon kowa na abinci da ruwa da fili sai ya ragu, haihuwa ta ja baya, mutuwa ta ƙaru, har adadin ya tsaya daidai abin da wurin zai iya ɗauka. Makiyayi ya san haka tun kafin boko, sai dai shi bai rubuta ba.

Da ya gwada a kan ƙasarsa, ya ƙiyasta ba za ta wuce mutum miliyan 9.4 ba. Yau sun haura miliyan 11, don shi ɗan Adam yana matsar da iyakarsa da taki da ciniki, abin da dabba ba ta iyawa.

Ya rasu a 1849 yana da shekara 44, aka manta da aikinsa. Sai a 1920 Pearl da Reed suka sake gano lissafin a Amurka, sannan a 1934 Gause ya nuna shi a kan ƙananan halittun ruwa a ɗakin gwaji.