Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa da ya sauya wa Kamaru suna sau biyu

Duk shekara idan watan Mayu ya kama, nakan koya wa yaran aji shida sunayen da ƙasarmu ta amsa tun daga samun 'yanci. Guda huɗu ne, kuma dole su haddace su da shekarunsu: Jamhuriyar Kamaru a 1960, Jamhuriyar Tarayyar Kamaru a 1961, Haɗaɗɗiyar Jamhuriyar Kamaru a 1972, sai kuma aka koma Jamhuriyar Kamaru a 1984. Bana da na gama rubuta su a allo, wani yaro da yayansa ke gyaran waya a babbar kasuwar Garwa ya ɗaga hannu, ya ce ashe ƙasa ma kamar waya take, a yi mata sabon zubi a ba ta sabon suna. Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na dara, amma maganar ta bi ni har gida.

Yaron Android yake nufi, wato babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin wayoyin da ke hannunmu, irin su Tecno da Itel da Samsung. Tun daga 2009 kamfanin Google ya riƙa raɗa wa kowane sabon zubi sunan wani kayan zaƙi, yana bin jerin haruffa: Cupcake, Donut, Eclair, haka dai har aka zo KitKat a 2013, sannan Lollipop, Marshmallow, Nougat, Oreo, da Pie a 2018. A watan Agustan 2019 sai kamfanin ya ce ya daina, na gaba Android 10 za a kira shi, lamba tsura. Dalilinsa shi ne ba kowa ne a duniya ya san waɗannan kayan kwalama ba, wasu harsunan ma ba sa bambanta L da R, don haka mai waya ba ya gane wanne ne sabo wanne ne tsoho. Aka sauya, babu wanda ya rasa barci. Mu ɗin ma ai sunan abinci muka gada. Turawan Fotugal da suka iso bakin kogin Wuri a 1472 sun tarar da jatan lande jingim, suka kira shi kogin jatan lande da harshensu, daga nan kalmar Kamaru ta samo asali.

Sunaye uku na farko da ke allona kuwa a hannun mutum ɗaya suka zo, kuma ɗan garin nan ne. Ya bar ƙasar tun kafin a haife ni, a bakin dattawa da cikin littattafai na san shi.

An haifi Ahmadu Ahidjo a Garwa ranar 24 ga Agusta, 1924. Bafulatani ne, a hannun mahaifiyarsa ya tashi. Ya fara da makarantar allo, a 1932 aka sa shi boko. A 1938 ya faɗi jarrabawar gama firamare, ya yi 'yan watanni yana aiki a ma'aikatar dabbobi, ya koma aji, ya ci a shekarar da ta biyo. Wannan ɓangaren nakan tsaya a kansa da gangan saboda yaran da suka maimaita aji. Daga nan ya yi shekara uku a makarantar gaba da firamare a Yawunde, a 1942 ya kama aiki a gidan waya yana aika saƙonni ta na'urar rediyo. Aikin ya zaga da shi Duwala da Ngaundare da Bertuwa da Mokolo, ya ga kudu ya ga arewa a zamanin da ɗan arewa bai cika sanin abin da ke bayan Ngaundare ba.

A 1947 aka zaɓe shi majalisar wakilai ta yankin, lokacin Kamaru tana hannun Faransa a matsayin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1953 ya zama ɗan majalisar ƙasashen da ke ƙarƙashin Faransa, a farkon 1957 ya shugabanci majalisar dokoki, a watan Mayun shekarar ya zama mataimakin firaminista André-Marie Mbida. Da gwamnatin Mbida ta rushe a Fabrairun 1958, kujerar ta faɗo hannun Ahidjo yana da shekara 33. A wannan shekarar ya kafa jam'iyyar Union Camerounaise a nan Garwa, ya haɗa 'yan bokon arewa da lamiɓe a inuwa ɗaya. Ranar 1 ga Janairu, 1960 ƙasa ta samu 'yanci, a watan Mayu ya zama shugabanta na farko.

Sunan farko ke nan, kuma cikin wuta ya zo. Jam'iyyar UPC, wadda Faransa ta haramta a 1955, tana yaƙi a dazukan kudu da yamma. An kashe shugabanta Ruben Um Nyobè a Satumban 1958, aka ba Félix Moumié guba a Janeba a 1960, aka harbe Ernest Ouandié a bainar jama'a a Bafusam ranar 15 ga Janairu, 1971. Sojojin Faransa sun tallafa wa Ahidjo a wannan yaƙi, ƙauyuka da dama sun ƙone. Dokar hana zagon ƙasa ta 1962 ta sa magana kaɗai kan kai mutum kurkuku. Mu 'yan arewa mukan so mu tsallake wannan shafin, alhali ɗaya daga cikin wuraren da aka tsare mutanen, Colire, a jiharmu yake.

Suna na biyu da ƙuri'a ya zo. Bayan an karɓe Kamaru daga hannun Jamus a yaƙin duniya na ɗaya, Ingila ta samu wani siririn yanki a yamma, ta raba shi kudu da arewa, tana mulkinsa tare da Najeriya. A Fabrairun 1961 aka tambayi mutanensa inda suke so. Na kudu, su Buea da Bamenda, suka zaɓi Kamaru. Na arewa, su Mubi da Ganye da Gwoza da Dikwa, suka zaɓi Najeriya, aka raɗa wa yankinsu Lardin Sardauna. Abin ya yi wa Ahidjo ciwo sosai. Ya mayar da 1 ga Yuni ranar makoki, ya kai ƙara Kotun Duniya, a 1963 kotun ta ƙi yanke hukunci a kan batun. Da na kudu kuwa aka zauna a Fumban a watan Yuli, ranar 1 ga Oktoba, 1961 aka kafa tarayya mai jiha biyu, ta gabas mai Faransanci da ta yamma mai Ingilishi. John Ngu Foncha ya zama mataimakin shugaban ƙasa, aka sa wa tuta taurari biyu a kan kore. To, ka ga kalmar tarayya a nan sharaɗin aure ce, a kanta na yamma suka shigo. Sashe na 47 na tsarin mulkin ma ya hana duk wani gyara da zai taɓa ita tarayyar.

Daga nan sai ya fara ragewa. Ranar 1 ga Satumba, 1966 jam'iyyarsa da ta Foncha da ta Endeley da ta Muna suka narke suka zama ɗaya, UNC. Harafi ɗaya kawai aka ƙara a kan UC, amma da shi siyasar jam'iyyu da yawa ta ƙare. A zaɓukan 1965 da 1970 da 1975 da 1980 shi kaɗai ne ɗan takara. A 1970 ya ajiye Foncha ya ɗauki Solomon Tandeng Muna. A Mayun 1972 ya ce gwamnatoci uku da majalisu huɗu sun fi ƙarfin aljihun ƙasa, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 20 ga wata, aka bayyana cewa sama da kashi 99 cikin 100 sun amince. Tarayya ta zama Haɗaɗɗiyar Jamhuriya, jihar yamma ta zama larduna biyu cikin bakwai. A 1975 taurari biyun suka koma ɗaya a tsakiyar ja. Wannan ranar ta 20 ga Mayu ce har yau muke kwasar yara zuwa fareti dominta.

Ba za a ce bai yi aiki ba, mu a Garwa kam shaida muke. Jami'ar Yawunde ta buɗe a 1962. Makarantar horar da masu kula da namun daji ta Garwa ta fara a 1970. A 1974 layin dogo ya iso Ngaundare, a shekarar aka kafa kamfanin auduga na SODECOTON mai hedkwata a garin nan. Filin wasa na Rumde Ajiya, da filin jirgin sama, da madatsar ruwan Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda Sinawa suka gina tsakanin 1977 da 1982 kuma da ita muke ganin wuta, duk na zamaninsa ne. A yaƙin Biyafara ya tsaya bayan gwamnatin Najeriya, ya shugabanci Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka daga 1969 zuwa 1970, a 1975 shi da Janar Gowon suka sa hannu a Marwa kan iyakar teku. Idan dattawanmu suna yabonsa a wurin mai shayi, abin da suka gani suke faɗa. Wanda ɗan'uwansa ya tafi Colire bai dawo ba shi ma abin da ya gani yake faɗa.

Ranar 4 ga Nuwamba, 1982 da dare ya sanar a rediyo cewa ya sauka, yana da shekara 58. Bayan kwana biyu aka rantsar da firaministansa tun 1975, Paul Biya. Shugaban Afirka ya bar mulki da kansa abu ne da ba a saba gani ba, sai dai ya riƙe shugabancin jam'iyya, kuma sarki biyu ba sa zama a gari ɗaya. A Yulin 1983 ya fice daga ƙasar, a Agusta ya ajiye jam'iyyar.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ɗaure mini kai, domin makamin da ya yi aiki da shi aka juyo masa. A Agustan 1983 aka tsaga babban lardin Arewa, wanda Garwa ke shugabanta kuma shi ne ƙarfinsa, aka yi uku: Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa. A Fabrairun 1984 aka cire kalmar Haɗaɗɗiya daga sunan ƙasa, a cikin watan kuma kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa ba ya nan, daga baya aka sassauta zuwa ɗauri. Ranar 6 ga Afrilu wasu sojojin fadar shugaban ƙasa, yawancinsu 'yan arewa, suka yi yunƙurin juyin mulki bai yi nasara ba. Gwamnati ta ɗora masa laifin, aka kama mutane da yawa, aka harbe wasu a Mbalmayo. A Maris 1985 a Bamenda jam'iyyarsa ta UNC ta zama RDPC. Mutumin da ake kira uban ƙasa sai ga shi ana raɗa sunansa a kunne.

Ya yi sauran rayuwarsa tsakanin kudancin Faransa da Senegal. Ya rasu a Dakar ranar 30 ga Nuwamba, 1989 sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 65, aka binne shi a maƙabartar Musulmi ta Yoff. Wata doka ta Disamban 1991 ta wanke sunansa, kuma ikon Allah, a takarda ɗaya da Um Nyobè da Moumié da Ouandié, mutanen da ya yaƙa. Wani babban filin wasa a Yawunde yana ɗauke da sunansa, amma kabarinsa yana can. Shugaba Biya ya ce a 2007 dawo da gawar sha'anin iyali ne, iyalin suka ce wanda ya mulki ƙasa, ƙasa ce ya kamata ta dawo da shi. Matarsa Germaine ta jira har ta rasu a Afrilun 2021, ita ma aka binne ta a Dakar.

Washegari na koma aji na ce wa yaron ya yi gaskiya, amma rabi. Google ya cire sunayen alawa ne ba tare da ya taɓa yi wa kowa alkawarin barin su ba. Kalmar tarayya kuwa an yi alkawari a kanta a Fumban. Ahidjo ya cire ta a 1972, da aka sake cire ta biyun a 1984 sai masu Ingilishi suka duba suka ga sunan da ya rage shi ne wanda ɓangaren Faransanci ya amsa a 1960, kafin su shigo. Ƙorafin ya yi ta tsima har a ƙarshen 2016 lauyoyi da malaman makaranta irina suka shiga yajin aiki, a 2017 'yan aware suka ayyana ɓallewa da nasu sunan, Ambazoniya. An rasa dubban rayuka, makarantu da yawa sun rufe shekara da shekaru. Ba Ahidjo kaɗai ne ya jawo wannan ba, amma ba zan iya koyar da 20 ga Mayu in ɓoye wa yara cewa da hannunsa a ciki ba.

Yanzu idan na rubuta sunayen huɗu a allo, nakan ja layi a gefen kowanne, in ce su rubuta abin da aka ƙara da abin da aka cire, da wanda aka tambaya kafin a cire. Shi kuwa Alhaji Ahmadu, ɗan garinmu ne, ya gina ya kuma ɓata, ina cikin masu fatan a dawo da shi a binne shi a Garwa inda aka haife shi. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a zamaninsa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.