Duke Ellington (1899–1974): Rayuwarsa, Makaɗansa da Fayafayansa

Gabatarwa

Kiɗan jaz ya samo asali ne daga baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka, kuma ya fara fitowa fili a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20. Da fari ƙananan ƙungiyoyi ne ke yin sa, mutum biyar zuwa bakwai, kowa yana ƙawata busarsa yadda ransa ya ba shi. Daga tsakiyar shekarun 1920 aka fara samun manyan ƙungiyoyi masu makaɗa 10 zuwa 17, waɗanda aka kasa gida-gida. Akwai masu busa ƙahon ƙarfe da ake kira turamfet, da masu dogon ƙaho mai ja da turawa da ake kira turombon, da masu saksafon, sannan masu riƙe da amo, wato mai fiyano da mai ganguna da mai babbar gogen nan da ake kira bas. Idan makaɗa suka yi yawa haka, tilas a sami mai tsara wa kowa abin da zai busa. A cikin waɗanda suka yi wannan aiki, Duke Ellington ya riƙe ƙungiya guda tsawon shekara 50. Ɗalibin da ke son fahimtarsa sai ya kula da mutanen da ya yi aiki da su, da kuma faifan garmaho, domin a cikinsa aikinsa ya girma, kuma ta hanyarsa ya iso gare mu.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Edward Kennedy Ellington a birnin Washinton ranar 29 ga Afrilu, 1899. Mahaifinsa, James Edward, babban boyi ne a gidan wani likita, mahaifiyarsa kuma Daisy. Dukansu suna kaɗa fiyano, kuma gida ne mai rufin asiri da tsananta tarbiyya. Saboda tsaftarsa da iya sa tufafi abokansa suka laƙaba masa Duke, wanda sunan wata sarauta ce ta Turawa. An sa shi koyon fiyano yana ɗan shekara 7, amma a lokacin wasan ƙwallo ya fi ɗaukar hankalinsa. A makarantar sakandare zane ya karanta, har aka ba shi gurbin ƙaro ilimi a cibiyar Pratt, bai je ba. Ya riga ya ɗanɗana kuɗin kiɗa a wuraren biki.

Yadda ya koyi sana'ar abin lura ne. A zamanin akwai fiyano mai kaɗa kanta ta hanyar naɗaɗɗiyar takarda mai huda-huda. Ellington ya sami takardar wani kiɗa mai wuya na gwani James P. Johnson mai suna Carolina Shout, ya rage gudun na'urar, yana bin maɓallan da yatsunsa har ya haddace. Ke nan tun daga farko na'ura tana cikin malamansa. Ya auri Edna Thompson a 1918, suka haifi ɗansu Mercer a 1919. A 1923 ya koma New York da wasu abokansa, a 1924 kuma ya zama shugaban ƙungiyarsu, suka fara ɗaukar faifai a wannan shekara.

Gidan Rawa na Cotton Club

Ranar 4 ga Disamba, 1927, ƙungiyar ta fara aiki a Cotton Club, wani gidan rawa da ke unguwar Harlem. Wuri ne mai ban takaici. Makaɗa da 'yan rawa baƙaƙe ne, amma ƙofar shiga ta farar fata ce, an kuma ƙawata ɗakin da hotunan daji da na gonakin bayi, ana tallata kiɗan Ellington da sunan kiɗan daji. Duk da haka wurin ya zame masa makaranta. Ana sauya wasanni a kai a kai, don haka dole ya riƙa tsara sabon kiɗa. An ƙara yawan makaɗansa zuwa 11, ana kuma watsa kiɗansu kai tsaye ta rediyo zuwa sassan Amurka. Kafin ya bar gidan a 1931 sunansa ya shiga ko'ina.

A nan ne hanyarsa ta aiki ta bayyana. Yawancin masu tsara kiɗa sukan rubuta wa kayan busa ne, duk wanda ya iya ya zo ya busa. Shi kuwa mutum yake rubuta wa, har a kan takardar yakan sa sunan mabushin maimakon sunan abin busarsa. Bubber Miley da Joe Nanton sukan toshe bakin ƙahonsu da robar da ake buɗe toshewar bututun ruwa da ita, suna buɗewa suna rufewa, sai ƙahon ya yi gurnani ko ya yi kamar mutum na magana. Johnny Hodges yana da busa mai taushi da jan murya. Harry Carney kuma, wanda ya shigo a 1927 yana ɗan shekara 17, shi ne mai saksafon mafi kaurin murya, a kansa sauran muryoyi ke zaune. Ellington ya nazarci abin da kowannensu ya fi iyawa, har da abin da wasu za su kira aibi, ya gina kiɗansa a kai. Wannan ne dalilin da ya sa wata ƙungiya ko ta sami takardunsa ba ta iya fitar da sautinsa.

Sai dai akwai magana a nan. Da yawa daga cikin karin da suka yi suna sun fara ne daga bakin mabusan, shi kuma ya ɗauka ya yi musu gini. Wasu an sa sunansu tare da nasa, wasu an sallame su da 'yan kuɗi, kuma Hodges na cikin waɗanda suka daɗe suna ƙorafi. Shi ma Ellington an yi masa irin haka. Manajansa, Irving Mills, Bature ne da ya buɗe masa ƙofofin kamfanonin faifai da rediyo daga 1926 zuwa 1939, amma ya sa sunansa a kan kaɗe-kaɗe masu yawa a matsayin abokin tsarawa, yana karɓar kasonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Adalci dai shi ne a ce ba a taɓa jin waɗannan mabusa sun yi abin da ya kai wanda suka yi a hannunsa ba, shi ma bai yi nasa shi kaɗai ba.

Faifai Mai Minti Uku

Faifan garmaho na wancan zamani yana juyawa sau 78 a minti, kuma kowace fuska tana ɗaukar kimanin minti uku kacal. Makaɗa da yawa sun ɗauki wannan a matsayin takura, sukan yanke kiɗansu ne kawai ya shiga. Ellington ya mai da shi ma'auni, kamar yadda marubucin waƙa ke karɓar ƙa'idar baiti ya zuba hikimarsa a ciki. Yakan tsara kiɗa mai mabuɗi da tsakiya da marufi wanda zai ƙare daidai lokacin da allura ta kai ƙarshen faifai.

Ya kuma kula da halin makirfo, wanda aka fara ɗaukar faifai da shi a 1925. Misali mafi kyau shi ne Mood Indigo na 1930. Bisa al'ada, sarewar Turawa da ake kira kilarinet ita ke ɗaukar siririyar murya, turombon kuma ya ɗauki mai kauri. Sai ya juya su, ya tura turombon sama, ya saukar da kilarinet ƙasa, turamfet mai toshe a tsakiya. Da muryoyin uku suka haɗu a makirfo sai suka ba da wani sauti da ba a saba ji ba. A 1931 ya tsallake iyakar minti ukun da Creole Rhapsody, wanda ya cika fuska biyu na faifai. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1935, baƙin ciki ya kai shi ga tsara Reminiscing in Tempo, mai kusan minti 13 a fuska huɗu. Masu sharhi da dama suka yi masa ca, suna ganin makaɗin rawa ya ɗauko abin da ya fi ƙarfinsa.

Fayafayan nan sun riga shi isa Turai. Da ya je Ingila a 1933 ya tarar da mutanen da suka san sunan kowane mabushi nasa, suna sauraron kiɗan a zaune kamar karatu. A kudancin ƙasarsa kuwa otal ba ya karɓar baƙar fata, don haka yakan ɗauki hayar taragun jirgin ƙasa na musamman, makaɗansa su ci su kwana a ciki.

Manazarta da yawa suna ganin ƙungiyar ta kai ƙololuwarta tsakanin 1940 da 1942, a fayafayan da ta yi wa kamfanin Victor, irin su Ko-Ko da Cotton Tail da Concerto for Cootie. A lokacin akwai Ben Webster mai saksafon, da Jimmy Blanton, saurayin da ya fitar da bas daga aikin riƙe amo ya mai da ita mai magana da kanta, wanda tarin fuka ya kashe a 1942 yana da shekara 23. Akwai kuma Billy Strayhorn, wanda ya shigo a 1939 ya zama abokin tsarawarsa har rasuwarsa a 1967. A 1941 gidajen rediyo suka daina sa kiɗan 'yan ƙungiyar masu haƙƙin mallaka da Ellington ke ciki, sai Strayhorn da Mercer suka tsara sababbi cikin gaggawa. A lokacin ne aka fito da Take the A Train na Strayhorn, wanda ya zama taken ƙungiyar, har mutane da yawa suna zaton na Ellington ne.

Ranar 23 ga Janairu, 1943, ya gabatar da Black, Brown and Beige a zauren Carnegie, kiɗa mai kusan minti 45 da ke ba da tarihin baƙaƙen Amurka tun daga bauta. Ya zo a mummunan lokaci, domin ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta hana 'ya'yanta ɗaukar faifai daga 1942 zuwa 1944. Masu sharhi suka kushe shi, jama'a kuma ba su da faifan da za su saurara su yanke hukunci da kansu. Abin da aka ɗauka a zauren a wannan dare bai fito kasuwa ba sai a 1977.

Shekarun Wuya da Daren Newport

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kasuwar manyan ƙungiyoyi ta faɗi. Albashi da sufuri sun yi tsada, jama'a sun koma ga mawaƙa, daga baya kuma ga talabijin. A ƙarshen 1946 fitattun shugabanni da dama suka sallami makaɗansu, Count Basie ma ya rage tasa zuwa 'yar ƙarama a 1950. Ellington ya ƙi. Ya riƙa biyan albashi daga kuɗin haƙƙin mallakar kaɗe-kaɗensa, domin yana son ya rubuta abu da dare ya ji shi washegari daga bakin mutanen da ya rubuta wa. A 1951 Hodges da wasu tsofaffin hannu biyu suka tafi, kuma zuwa 1955 ƙungiyar ta koma yi wa masu wasan ruwa kiɗa a New York.

Ranar 7 ga Yuli, 1956, a bikin jaz na Newport, al'amarin ya juya. Hodges ya riga ya dawo. Dare ya yi nisa, wasu sun fara tafiya, sai Ellington ya kira wani tsohon kiɗansa na 1937, Diminuendo and Crescendo in Blue, ya sakar wa Paul Gonsalves mai saksafon fili a tsakiya. Gonsalves ya yi zagaye 27 a jere ba hutawa, jama'a suka miƙe suna rawa a kan kujeru. Mujallar Time ta sa hotonsa a bangonta cikin Agusta, faifan bikin kuma ya fi duk fayafayansa ciniki. Abin da masu saye ba su sani ba shi ne, fiye da rabin faifan an sake ɗaukarsa ne a ɗaki bayan bikin aka ɗora masa tafi, kuma Gonsalves ya yi busarsa a gaban makirfon Muryar Amurka maimakon na kamfanin Columbia. A 1996 aka gano kaset ɗin Muryar Amurka, aka haɗa shi da na Columbia, aka fitar da cikakken daren a 1999. Wannan ya isa ya nuna wa mai nazari cewa faifai shaida ne da ke bukatar bincike kamar kowane rubutu.

Ƙarshen Rayuwarsa

Dogon faifai da ya shigo a 1948 ya ba shi damar yin manyan ayyuka, kuma ya yi su da yawa a shekarunsa na ƙarshe, har da kaɗe-kaɗen ibada da ya fara gabatarwa a majami'u a 1965. A wannan shekara alƙalan kyautar Pulitzer suka ba da shawarar a karrama shi, hukumar ta ƙi, ba ta ba shi ba sai a 1999, shekara 25 bayan rasuwarsa. A Afrilun 1966 ya taka ƙasar Afirka ta Yamma, inda ya yi wasa a Dakar a bikin fasahar baƙar fata na duniya na farko, wanda Nijeriya ta ɗauki nauyin na biyunsa a Legas a 1977. Shugaba Nixon ya ba shi lambar yabo ta 'yanci ranar da ya cika shekara 70.

Ya rasu a New York ranar 24 ga Mayu, 1974, sakamakon sankarar huhu, ya bar kaɗe-kaɗe fiye da 1,000. Gonsalves ya riga shi da 'yan kwanaki. Mutum fiye da 12,000 ne suka halarci jana'izarsa, Mercer kuma ya ci gaba da riƙe ƙungiyar har tasa rasuwar a 1996. Harry Carney, wanda ya yi shekara 47 tare da shi, kuma shi ne ke tuƙa shi a mota daga gari zuwa gari yana rubutu a gefensa, ya rasu cikin Oktoba na shekarar 1974.