Babban Gwani Mika'ilu

Malam Mika'ilu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, magini ne da ya rayu a Zariya a ƙarni na 19. Wasu majiyoyi suna kiransa Muhammadu Durugu. Shi ya jagoranci ginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846.

A lokacinsa ba a koyon gini a makaranta. Yaro yakan fara da kwaɓa ƙasa da yin tubali, yana miƙa wa maigidansa a kan bango. Sai ya daɗe a haka kafin a bar shi ya ɗaura azara ya tayar da bakan gizo, aikin da ake gane gwani da shi. Manyan bakunan gizo na masallacin Zariya da ƙasa da azara aka yi su.

Labarin baka ya ce Sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe shi bayan ya gina masa masallaci, don kada ya gina wa wani irinsa. Zuriyarsa ta gāji sana'ar a Zariya, inda wata unguwa take ɗauke da sunan Babban Gwani.