Nate Saint, bakaniken da ya gyara jirgin sama da gwangwanin man girki

Mutanen Galmi, a gundumar Malbaza, sun saba da ƙarar ƙaramin jirgin sama da ke sauka kusa da asibitin mishan da aka buɗe a 1950, yana kawo likitoci daga Yamai. Irin wannan sufuri yana da magabata, kuma ɗaya daga cikinsu Ba'amurke ne mai suna Nate Saint, wanda ya yi aikinsa can a Amurka ta Kudu.

An haife shi a jihar Pennsylvania a 1923. Ya shiga soja lokacin yaƙin duniya na biyu da burin tuƙa jirgi, amma ciwon ƙashi da ya kama shi a ƙafa tun yana yaro ya dawo, aka hana shi. Sai ya koma kan gyara. A 1946, jirgin farko na ƙungiyar da ake kira MAF a yau ya yi hatsari a kudancin Meziko, shi aka tura ya sake haɗa fikafikansa har ya tashi.

A 1948 ya tare da matarsa Marjorie a Shell Mera, bakin dajin Amazon a ƙasar Ekwado. Abin da ya fi damunsa shi ne injin ya mutu a sama saboda toshewar hanyar mai, alhali a ƙasa ba komai sai itatuwa. Ya ɗauki gwangwanin man girki ya mai da shi ƙaramin tanki, ya ja siririn bututu zuwa injin, ta yadda in hanya ɗaya ta toshe ɗayar za ta ci gaba da ba da mai. Duk wanda ya ga aikin masu garejin Ƙonni ba zai yi mamakin irin wannan dabara ba.

Ta biyu ta fi ban sha'awa. Yakan saki doguwar igiya da bokiti a ƙarshenta, ya yi ta kewaya wuri guda, har bokitin ya tsaya cik a tsakiya. Mutanen ƙasa su kwashe magani, su saka wasiƙa, jirgin bai sauka ba.

Da wannan bokiti ya fara aika kyaututtuka ga ƙabilar Waorani a ƙarshen 1955, mutanen da ba su yarda baƙo ya shiga dajinsu. Shi da abokansa huɗu suka ɗauka an saba, suka sauka kan yashin kogin Curaray. Ranar 8 ga Janairun 1956 aka kashe su duka biyar da māsu. Yana da shekara 32.

Bayan shekara biyu, yayarsa Rachel ta je ta zauna cikin ƙabilar. A 1994 aka tono ragowar jirginsa daga yashin kogin, yanzu yana ajiye a hedkwatar MAF da ke Nampa, jihar Idaho.