Lewis Fry Richardson: Mutumin da ya ƙiyasta ma'aikata 64,000 don hasashen yanayi

Hasashen damina da manoma ke saurare a rediyo yana fitowa daga manyan kwamfutoci masu raba lissafi tsakanin dubban ƙwaƙwalen na'ura. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, ya tsara wannan dabara tun ba a ƙera kwamfuta ba.

An haife shi a Newcastle ranar 11 ga Oktoba 1881, cikin iyalin ƴan ɗariƙar Quaker waɗanda ba sa ɗaukar makami. Ya yi karatu a Cambridge, ya kama aiki a hukumar yanayi ta Birtaniya a 1913. A 1916 ya tafi Faransa tuƙa motar ɗaukar sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A can ne ya gwada lissafa da hannu yadda yanayin ranar 20 ga Mayu 1910 zai sauya cikin awa 6. Aikin ya ci makonni 6, kuma sakamakon ya kauce wa gaskiya nesa. Daga baya masana suka gano cewa matsalar tana cikin alƙaluman farko, hanyar lissafin kuwa daidai take.

A littafinsa na 1922 ya yi ƙiyasi: idan mutum 32 za su riƙe yanki ɗaya na duniya, ga yankuna 2,000, ana buƙatar ma'aikata 64,000 kafin lissafi ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da yanayi. Ya kwatanta wani babban zaure inda kowa ke miƙa sakamakonsa ga maƙwabcinsa, shugaba a tsakiya yana haska jar fitila ga masu gaggawa, shuɗiya ga masu nawa. Daidaita nauyin aiki irin wannan shi ne abin da injiniyoyin kwamfuta ke fama da shi har yau.

A 1920 ya ajiye aiki saboda an mayar da hukumar yanayi ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da sojan sama. Ya koma koyarwa, daga bisani ya duƙufa kan nazarin musabbabin yaƙe-yaƙe ta hanyar lissafi.

A 1950 na'urar ENIAC a Amurka ta lissafa hasashen awa 24 cikin kusan awa 24, aka aika masa da sakamakon. Ya rasu a Kilmun ta Scotland ranar 30 ga Satumba 1953.