Thomas Lambo: Likitan da ya mayar da masu taɓin hankali cikin jama'a

An haifi Farfesa Thomas Adeoye Lambo a Abeokuta a 1923. Ya karanci likitanci a Birmingham, sannan ya ƙware kan lafiyar ƙwaƙwalwa a Landan.

Lokacin da ya dawo gida a 1954, yawanci kulle masu taɓin hankali ake yi, wasu har da mari a ƙafa. A Aro, sai ya riƙa sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, da rana su je asibiti karɓar magani. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Hakan ya sauƙaƙa wa majinyata komawa cikin danginsu.

Daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan, ya zama Mataimakin Babban Daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya. Ya rasu a 2004.